Targaɗen da Ya Ƙi Warkewa a Tsakiyar Ƙafa

Tambaya: Likita, babur ya kayar da ƙanena, ƙafarsa ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. An ɗauki hoto aka ce babu karaya, targaɗe ne. Yau mako uku ke nan bai iya takawa, bayan ƙafar a kumbure, tafin kuma ya yi baƙi-baƙi a tsakiya. Mu kai shi wajen mai ɗori? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, kada ku kai shi. Baƙi-baƙin nan na tafin ƙafa taruwar jini ce, kuma ita ta fi ɗaukar hankalina, domin tana yawan nuna raunin da ake kira Lisfranc, sunan wani likitan tiyata na sojojin Faransa a zamanin Napoleon.

A tsakiyar ƙafa ne dogayen ƙasusuwa biyar masu zuwa yatsu suke haɗuwa da ƙananan ƙasusuwan da ke bayansu. Gindin na biyu a soke yake cikin wani gurbi, wata gajeriyar jijiya mai ƙarfi ta riƙe shi. In ta tsinke, ƙasusuwan sai su goce; wannan shi ne raunin Lisfranc.

Hoton farko yakan yaudari mutum saboda a kwance ake ɗaukarsa, ƙasusuwan sun koma mazauninsu. Ku je wajen likitan ƙashi, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a ɗauki hoton ƙafafun biyu yana tsaye da nauyinsa a kansu. Idan ratar da ke tsakanin gindin ƙashi na farko da na biyu ta wuce milimita 2, ko aka ga ɗan ɓarɓashin ƙashi a wurin, to akwai gocewa. In ciwo ya hana shi tsayuwa, sai a yi hoton CT ko MRI, masu nuna cikin ƙafar dalla-dalla.

Idan babu gocewa, siminti ne na mako 6, da sanduna, ba taka ƙasa ko kaɗan. Idan akwai, sai tiyata: a mayar da ƙasusuwan a ɗaure da sukurori ko farantin ƙarfe, wani lokaci a manne gaɓar gaba ɗaya. Zai yi mako 6 zuwa 8 bai taka ba, kuma galibi akan cire sukurorin bayan wasu watanni.

Matsa da ja irin na ɗori ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke, ƙara gocewar suke yi. In aka bari, tafin ƙafar yakan baje, amosanin gaɓa ya shiga. Mako uku bai makara ba, amma ku tafi cikin makon nan, kuma ya daina takawa tun yau.