Ta ina ake bi a zama kwamandan gobarar daji a Amurka?

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu zama, don ba ta amsuwa a tsaitsaye. Ga waɗanda ba su gani ba, ɗan'uwan namu yana karatun digiri na biyu a fannin kula da bala'o'i a nan Amurka. Ya ce tun gobarar Los Anjalas ta Janairun 2025 yake ganin wasu mutane a talabijin tsaye gaban taswira suna bayanin inda wuta ta dosa, aka ce masa su ne kwamandoji. Yana so ya san ta ina ake bi a kai nan, ko digirinsa zai rage masa hanya, kuma in ya koma gida ko abin zai yi masa rana.

Ni dai ban taɓa zama kwamanda ba, kuma ba zan zama ba, shekaru sun ja. Amma na yi kakar wuta 9 a bakin wuta a jihar Oregon, har gwiwa ta ce ba ta yarda ba, na koma cikin tanti, sashen tsare-tsare na ɗaya daga cikin tawagogin da ke jagorantar kashe manyan gobara. Kwamandoji 4 na yi aiki a ƙarƙashinsu.

Maganar digiri tukuna. Ka gama abinka, zai yi maka amfani wajen neman aikin ofis, amma a wannan layi ko kaka ɗaya ba zai rage maka ba. Sana'ar irin ta ƙira ce, sai ka daɗe kana zuga kafin a miƙa maka guduma. Kowa daga ƙasa yake farawa. Za ka yi ɗan kwas na 'yan kwanaki kan halin wuta da dokokin tsira, wanda suke kira S-130 da S-190, sannan a goya maka jaka mai nauyin kilo 20 a ce ka yi tafiyar kusan kilomita 5 cikin minti 45, ba gudu. In ka ci, sai a ba ka jan kati. A ƙwallo jan kati kora ne, a nan kuwa shi ne takardar shiga, kuma a jikinsa ake rubuta duk aikin da aka yarda ka iya.

Aikin farko noma ne, ba wani abu ba. Ku 20 a jere, wasu da zarto mai inji a gaba, ku kuma a baya da wani makami da ake kira Pulaski, gefe guda gatari gefe guda fartanya, kuna kankare ciyawa da saiwoyi har sai ƙasa ta fito fili, don in wuta ta iso ta rasa abin ci, wannan kankararren wuri shi ake kira layi. Awa 16 a rana, kwana 14 a jere, kwana a ƙasa. Ranar da na fara, shugabanmu ya ga yadda nake sara ya tambaye ni inda na koya, na ce masa a gonar gero. Abin da ya ba ni wuya shi ne guzurin rana, don sau da yawa naman alade ne a cikin burodin, sai in yi musaya da abokan aiki in karɓi gyaɗa. Shekarun da azumi ya faɗo a Yuli da Agusta, wajen 2012 da 2013, na yi fatawa, na sha, na rama da hunturu.

Daga nan sai hawa tsani, kuma kowane mataki yana da littafinsa. Littafi ne mai jerin ayyuka, kowanne sai ka yi shi a kan wuta ta gaske a gaban wanda ya riga ya ƙware, ya gani da idonsa ya sa hannu. Ka fara da jan mutum 4 ko 5, ka zama shugaban 20, ka riƙe irin wannan runduna fiye da ɗaya a lokaci guda, ka riƙe ɓangare guda na wutar, ka zama shugaban sashen ayyuka gaba ɗaya. A gefe guda kuma kana koyon kwamandanci tun daga ƙaramar wuta, irin bishiya ɗaya da tsawa ta faɗa wa, wadda ku 3 za ku kashe kafin magariba. Wannan ita ce mataki na 5, ana hawa har zuwa na 1, ko da yake a 2024 sun haɗe manyan matakan biyu suka zama tawagogin manyan al'amura. Littafi ɗaya yana iya cin kaka biyu ko uku, don in shekarar ta zo da ruwa, wuta ta yi ƙaranci, haka za ka zauna da littafinka ba sa hannu. Cikin kwamandojin nan 4, babu wanda bai haura shekara 20 a aikin ba kafin a damƙa masa tawaga.

Abin da talabijin ba ta nuna maka shi ne kwamanda ba ya riƙe tiyo, wani lokaci ma sai ya wuni bai ga harshen wuta ba. Tsarin da suke bi ya samo asali ne daga gobarar kudancin Kalifoniya ta 1970, wadda cikin kwana 13 ta kashe mutum 16 ta cinye gine-gine sama da 700. Da aka zauna bincike, sai aka ga jarumta ba ta yi ƙaranci ba, abin da ya faru shi ne 'yan kwana-kwanan wannan gari ba sa jin oba-obar na wancan, kowa da sunan da yake kiran kaya, kuma ba a san wanda ke ba da umarni ba. Shi ne aka tsara cewa kwamanda ɗaya ne, ƙarƙashinsa sassa 4: ayyuka, tsare-tsare, kayan aiki da kuɗi, ga jami'in tsaron lafiya da mai magana da jama'a a gefensa. Kuma kada kowa ya riƙe fiye da mutum 7 kai tsaye, an fi son 5. In tawaga ta sauka, mai ikon dajin yana ba kwamanda takardar miƙa iko, a rubuce, ga abin da za ka kare, ga iyakar abin da za ka kashe. Cikin kwana biyu filin makaranta ya zama gari mai mutum 1,000 ko fiye, da kicin da banɗaki da asibiti da gidan mai, kuɗin da ake kashewa a rana yana iya wuce dala miliyan ɗaya. Duk wannan a wuyansa yake.

Bari in ba ka labarin wadda na fi girmamawa a cikinsu, mace ce, ta fara tun tana 'yar shekara 19 da fartanya irin tawa. Wata wuta a gabashin Oregon, mun yi kwana 4 muna gyara layi a kan wani tudu, katafila ta yi nata, mutane sun yi nasu, bayan tudun akwai gidaje da garken shanu. Da hantsi mai duba yanayi ya shigo tanti ya ce iskar da aka yi tsammani da dare za ta iso tun la'asar, kuma za ta juya. Shugaban ayyuka yana ganin in aka ba shi awa 3 zai rufe layin. Ta tambaye shi abu ɗaya: in iskar ta riga ka, minti nawa mutanenka za su yi kafin su isa wurin tsira? Ya ce 40. Ta juya ga mai yanayi ta ce wutar fa? Ya ce kafin minti 40 ɗin ta cim musu. Ta ɗan yi shiru tana murza murfin biro, sannan ta ce a sauko da kowa kafin ƙarfe ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba. Iskar ba ta zo ba sai wajen ƙarfe 5, ma'ana da an bar su wataƙila da sun gama. Gidaje suka ƙone, shanu suka mutu.

Washegari da dare aka yi taron gari a ɗakin wasanni na makaranta. Wani dattijo makiyayi ya miƙe, hularsa a hannu tana rawa, ya ce kakansa ne ya gina gidan, kuma ya gani da idonsa motocinmu suna saukowa alhali wuta ba ta iso ba. Ta bar shi ya gama tas. Ba ta laɓe bayan mai yanayi ba, ba ta ce umarni ne daga sama ba. Ta ce ni na ce a sauko, ga abin da na sani a lokacin, kuma in aka maimaita gobe haka zan sake yi. Aka yi ta ihu. Da muka fito na gan ta zaune cikin mota ita kaɗai, ba ta kunna ba, ta fi rabin awa. Ƙarfe 6 na safe tana gaban taswira tana bayanin aikin ranar kamar ba abin da ya faru.

Ba haka kawai suke wannan taurin kai ba, kowace doka a aikin nan gawa ce ta rubuta ta. A gobarar Mann Gulch ta jihar Montana mutum 13 suka mutu a 1949, a South Canyon ta jihar Colorado 14 a 1994, a Yarnell ta jihar Arizona kuma 19 a rana ɗaya, 30 ga Yunin 2013, 'yan runduna guda. A binciken Yarnell an gano an yi kusan rabin awa ba wanda ya san takamaiman inda suke. Wannan ya shafe ni kai tsaye, don aikina a tanti shi ne sanin inda kowa yake. Muna da wani allo mai aljihuna, kowace runduna da kowace mota da katinta. Wata rana, bayan na yi kwana 11 ina barcin awa 4, na sa katin wata runduna a layin waɗanda suka dawo sansani, alhali suna can bakin wuta. Sai da aka zo ƙirgen abincin dare aka ga saura kwano 20. Lafiyarsu ƙalau, shugabansu na ɓangare ya san da su, amma a takarda na ɓatar da mutum 20. Na shirya karɓar wankin babban bargo. Kwamandan lokacin, wani tsoho mai furfura, ya kira ni waje ya tambaye ni yaushe rabona da barci. Ya ce in je in kwanta, sannan a taron safe ya ce laifinsa ne da ya bar sashen da mutum ɗaya, ya sa aka nemo mini mataimaki. Tun ranar nake ƙirga katunan nan sau biyu.

Akwai kuma shari'a. Bayan gobarar Thirtymile ta 2001 a jihar Washinton, inda mutum 4 suka mutu, an gurfanar da shugaban da ke riƙe da su bisa tuhumar kisa ba da niyya ba. Daga baya an janye wannan tuhumar, ya amsa ƙaramin laifi, amma abin ya girgiza mutane. Na san waɗanda suka rufe littafinsu suka ce matakin da suke ya ishe su, da yawa kuma suka fara biyan inshorar lauya.

Kuɗi fa? Kada ka sa rai. Kwamandanci ba kujera ba ce mai albashinta, kowannensu yana da aikinsa na yau da kullum a hukumar gandun daji ko ta kwana-kwana, in layin tawagarsu ya zo aka kira sai ya bar teburinsa ya tafi, a biya shi kuɗin ƙarin lokaci. Masu aikin bakin wuta na gwamnatin tarayya kuwa sai a 2021 aka ɗaga mafi ƙarancin ladansu zuwa dala 15 a awa. Abin da ake biya da shi ya fi abin da ake karɓa: huhu cike da hayaƙi, gwiwa, da iyali. Sunan 'yata ta biyu ta waya na ji shi, ina tsaye kan wani dutse ina neman sabis. Har yau uwargida ba ta bar maganar ba.

Ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Aikin gwamnatin tarayya sai ɗan ƙasa, kuma aikin wuta na dindindin ba a cika ɗaukar wanda ya kai shekara 37 ba, ana ritayar dole a 57. Ni ta kamfanonin kwangila na shiga, su takardar izinin aiki suke nema, bizar karatu kaɗai ba za ta yi ba. To ka yi lissafi da shekarunka. In kwamandanci ya yi nisa, tawaga tana da wasu ƙofofi, kuma kullum ana neman mutane: masu zana taswira a kwamfuta, masu lissafin kuɗi, masu odar kaya, masu magana da 'yan jarida. Irin karatunka nan zai fi shiga, kuma daga nan za ka zauna kusa da masu yanke shawara ka ga yadda ake yi.

Batun gida, eh, zai yi maka rana, don tsarin ya daɗe da fita daga daji. Waɗannan tawagogin an kira su birnin New York bayan harin 2001, an kira su guguwar Katrina a 2005, kuma tun 2004 Amurka ta mai da shi tsarin ƙasa na kowane bala'i. A Najeriya ma da irinsa aka yaƙi shan inna, kuma da Ebola ta shigo Legas a 2014 cibiyar da aka kafa mai shugaba ɗaya ce da sassa a ƙarƙashinsa, Dakta Faisal Shuaib ya riƙe ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gobarar kasuwa da hunturu ya ga manya 5 kowa na ba da nasa umarnin, ya san inda gizo ke saƙar.

In har da gaske kake, ana fara tallar guraben kakar wuta mai zuwa tun daga kaka zuwa hunturu, kada ka jira bazara. Ka fara tafiya da jaka tun yanzu, ka zuba mata yashi, ka nemi tudu. Takalmi kuma na fata ake so, mai igiya, tsawonsa inci 8. Ka saya da wuri ka yi wata biyu kana yawo da shi ko masallaci za ka. Ni sabo fil na shiga da nawa, a kwana na uku sai da aka jiƙa safar da ruwa kafin ta rabu da ƙafata.