Tambaya da Amsa: Me zan ci a kasuwar abinci ta Stockholm?

TAMBAYA: Salam Anti. Aiki ne zai kai ni Stockholm ƙasar Suwidin, abokan aikina na can sun ce sai sun kai ni kasuwa mun ci abincin rana irin nasu na gargajiya. Ni kuma wallahi tsorona alade, amma ba na so in watsa musu ƙasa a ido. Me zan ci? Daga ƙanwarki a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, ki je abinki kar ki ƙi. Ina kyautata zaton Östermalms Saluhall za su kai ki, tsohon gini ne na jan bulo tun 1888, kasuwa ce rufaffiya, ga masu kifi ga masu cuku ga gidajen abinci duk a ciki. Su tun sha ɗaya da rabi sun fara cin na rana, to kar ki cika ciki da safe.

Tsoronki kam yana kan hanya. Ƙwallon naman nan da suka yi suna da shi, köttbullar, wanda ake haɗawa da dankalin turawa markaɗaɗɗe da wani jan jam na 'ya'yan itacen lingon mai ɗan tsami, sau da yawa naman shanu ne a cakuɗe da na alade kuma ido ba zai gane ba ko kaɗan, sannan in ranar Alhamis ce za ki tarar da miyar wake da fanke, ita ma a al'ada da alade ake dafa ta. Duk inda kika ga fläsk a rubuce to shi ne, ki wuce.

Ni kifi nake ba ki shawara, don nan suka fi ƙwarewa ma. Ki nemi stekt strömming, ƙananan kifi ne na tekun Baltik da ake soyawa da man shanu har bayan ya yi ƙaras-ƙaras, a kawo shi da zafinsa kan dankali. Gravad lax kuma salmon ne da aka tsuma da gishiri da suga ba a dafa ba, in ba ki saba ba ɗan kaɗan za ki fara. Miyar kifi akwai daɗi amma ki tambaya ko an zuba giya, wasu na sawa. Kusan kowa na jin turanci kuma ba sa jin haushin tambaya.

Yaji ne dai babu, ki tafi da naki a jaka. Ki riƙe katin banki kuma, wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi.