Amsa kan muryar malam da ke fashewa a makirufo maras waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa masu aikin sauti. Na saurari saƙon da ƙanenmu ya turo jiya da daddare, inda ya ce sun sayo makirufo maras waya saboda tafsirin azumi, amma duk sanda malam ya ɗaga murya sai ta fashe a lasifika, kuma ko da ya rage a miksa, wato na'urar haɗa sauti, har kusan ƙasa fashewar ba ta tafi ba. Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin wata ya kama, domin abin da ka bayyana ya nuna cewa wataƙila matsalar ba a miksa take ba, tun daga hannun malam ta taso.

Kafin murya ta iso kunnen jama'a, sai ta shiga taransimita, wato makirufon hannu ko ɗan akwatin da ake sa wa a aljihu, daga nan ta bi iska zuwa risiba, wato akwatin da ke karɓar siginarta, sannan miksa, sannan amfilifaya mai ƙara mata ƙarfi zuwa lasifika. Taransimita tana da iyakar abin da take iya ɗauka, kuma idan murya ta wuce wannan iyaka, a nan take lalacewa, lalatacciyar ce kuma ake aika wa risiba. Duk abin da za ka yi a miksa bayan haka, rage ƙarar lalatacciyar murya ne kawai.

Saboda haka ka sa sabbin batura, ka kashe lasifika gaba ɗaya, ka zauna gaban risiba. Galibi za ka ga ma'auni biyu a fuskarta. Wanda aka rubuta wa RF yana nuna ƙarfin siginar da ke zuwa ta iska, wanda aka rubuta wa AF kuma shi ne ma'aunin murya, shi za ka zuba wa ido. Ka samu wanda zai yi magana da irin ƙarfin da malam yake kaiwa idan ya iso ayoyin gargaɗi, domin wannan "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu" da muke yi ƙasa-ƙasa a masallacin da babu kowa shi ne yake yaudarar yawancinmu. Ka riƙa rage ƙarfin ɗaukar taransimita har sai magana ta yau da kullum ta tsaya wajen kashi biyu cikin uku na ma'aunin, jar wutar da ke nuna murya ta kai iyaka kuma ba ta kamawa sai dai ta ɗan ƙifta a wurin da aka fi ɗaga murya.

Ba ka faɗi ƙirar da kuka sayo ba. Idan Sennheiser ew 100 ce, G3 ko G4, ka nemi inda aka rubuta Sensitivity, wato ƙarfin ɗauka, wanda ake aunawa da desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Ta aljihu tana sauka daga 0 zuwa -60, ta hannu kuma daga 0 zuwa -48, kuma ka lura cewa -30 ta fi -12 rage ɗauka. Idan Shure BLX ce ta hannu, danne maɓallin tasha na daƙiƙa 5 yana rage desibel 10, ta aljihun kuma tana da ɗan abin murɗawa. Sai dai kada tsoron fashewa ya sa ka rage fiye da kima, domin idan murya ta fita da rauni dole ka ƙara a miksa, kuma tare da ita za ka ɗago wannan shuuu ɗin da ke cika kunne duk sanda malam ya yi shiru.

Daga nan ka juya bayan risiba. Da yawa suna da makunni mai MIC da LINE, kuma a wasu bambancin ya kai desibel 30. Idan yana kan LINE alhali ka buɗe maɓallin GAIN na miksa, wato mai ƙara ƙarfin muryar da ke shigowa, kamar na makirufo mai waya, murya za ta sake fashewa a ƙofar miksa ko da ta fito lafiya daga taransimita. Ka ajiye abin turawar layin a kan 0, ka danna PFL, maɓallin da ke nuna ƙarfin muryar wannan layi a fitilun miksa, ka buɗe GAIN sannu a hankali har korayen fitilu su kai kusa da 0. A miksa ta dijital kuwa 0 ita ce rufi, don haka ka tsaya wajen -18. Sai bayan duk wannan za ka kunna amfilifaya ka ɗaga ƙara gwargwadon girman wurin.

Akwai abin da na gani da idona a wani wa'azi da nake so ka kiyaye. An maƙala wa malam ƙaramin makirufo a wuyan babbar riga, sai jelar rawaninsa ta zamo ta rufe shi, murya ta dushe. Mai sautin bai ɗago kai ba, sai ya yi ta ƙara GAIN, kuma da malam ya gyara rawani lasifikoki suka yi wata kuwwa da ta sa dattawan sahun gaba toshe kunne. Ka maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, wato santimita 15 zuwa 20, a inda tufa ba za ta goge shi ba, kuma ka san cewa duk sanda tazarar ta ninka, ƙarfin murya yana raguwa da kusan desibel 6.

A ganina bai kamata malam da alaramma mai jan baƙi su yi tarayya a makirufo ɗaya ba, domin alaramma yana jan murya sama ya daɗe a can, malam kuma yana hawa yana sauka. Kowa a ba shi nasa, a saita shi da muryarsa, ka manna tef a jikin kowanne ka rubuta lambar da ka tsaya a kai. Ka turo mana hoton gaba da bayan risibar taku kafin Juma'a, in sha Allah zan nuna maka inda kowane makunni zai zauna. Wassalamu alaikum.