Hukuncin kai iyali ziyara garin abokin da ba Musulmi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Gombe. Abokin aikina ɗan Tula ne, Kirista. Ya gayyace ni da maiɗakina da yaranmu mu yi kwana biyu a garinsu a hutun makaranta, yara su hau duwatsu, su ga yadda mutanen can suke rayuwa. Yayana ya ce haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Tafiyar halal ce. Allah Ya saka wa yayanka da alheri a kan kishinsa, amma haramtawa sai da nassi, kuma nassi a nan yana tare da kai. A Suratul Hujurat aya ta 13 Allah Ya ce Ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu domin mu san juna. A Mumtahana aya ta 8 Ya ce bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. Bukhari kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya taka har gidan wani yaro Bayahude da yake yi masa hidima, ya duba shi a rashin lafiya.

Tula ma ai ba bangon duniya ba ce, tana cikin ƙaramar hukumar Kaltungo. Tula da Tangale da Waja da Dadiya da Cham duk 'yan jiha ɗaya ne da ku, akwai Musulmi a cikinsu, wani gidan ma wa na zuwa masallaci ƙane na zuwa coci. Yaron da bai san komai game da su ba sai abin da ya tsinta a bakin 'yan unguwa, an rage masa ilimi.

Inda ake taka tsantsan shi ne rarrabe al'ada da ibada. Noma a kan dutse, ginin rumbu, saƙa, gaisuwa da harshensu, tarihin kakanninsu: yara su gani, su yi tambaya, su koya. Zaidu ɗan Sabit da umarnin Annabi (SAW) ya koyi rubutun Yahudawa. Amma duk taron da aka gina a kan bauta, ko yankan tsafi ne, ko fitowar dodo, ko addu'ar coci, ba ku halarta, ko da sunan kallo. Wani mutum ya yi bakancen soke raƙumi a Buwana, sai Annabi (SAW) ya tambaya ko akwai gunkin da ake bautawa a wurin, ko wani idi na jahiliyya. Da aka ce babu, sannan ya ce ya cika bakancensa. Abu Dawuda ne ya ruwaito. Kai ma irin wannan tambayar za ka yi wa abokinka tun kuna Gombe, cikin ladabi, domin ka zaɓi ranakun da ba su faɗa kan irin wannan biki ba.

Abincinsu kuwa ku ci. Yankan Ahlul Kitabi halal ne bisa Ma'ida aya ta 5, in dabbar halal ce kuma ba a ambaci sunan wanin Allah a kanta ba. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka roƙi a bar ka ka yanka da hannunka. Wurin da ake shan burkutu ba ku zama.

Abin da na fi jin tsoro ma bakin yara ne. Ka zaunar da su kafin tafiya: ba dariya ga abin da ba su saba gani ba, ba kiran kowa da sunan wulaƙanci, ba ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu suke bautawa, balle zagin mai masaukinka. In sun ga abin da ya ɗaure musu kai, su riƙe har dare, kai da mahaifiyarsu ku yi musu bayani.

Ku tafi da buta da darduma, ku yi salla a kan lokaci. Kasaru a mazhabar Malikiyya sai nisa ya kai mil 48, kimanin kilomita 80, don haka ka lissafa daga wajen gari zuwa masaukinku.

Allah ne mafi sani.