Kalmar "subaltern": daga barikin soja zuwa littattafan tarihi

Tambaya:
Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun tarihi a jami'ar Damagaram. An ba mu wata maƙala da Ingilishi, kusan kowane shafi sai na ci karo da kalmar subaltern. A Faransanci mun san subalterne, wato ƙaramin ma'aikaci, amma a nan da alama ba haka ake nufi ba. Daga ina kalmar ta fito, kuma me zan ce da Hausa idan ina yi wa ƙawayena bayani?
Hadiza, unguwar Zango, Zinder

Amsa:
Wa alaikumus salam ƴata. Faransancinki bai yaudare ki ba, domin kalmomin biyu uwarsu ɗaya. Asalinsu Latin ne, subalternus. Gaɓar farko, sub, tana nufin ƙarƙashi. Ta biyun kuma ta samo tushe daga alter, wato "ɗayan" ko "wani dabam". In kin haɗa su kin sami wanda yake ƙarƙashin wani. Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 16, kuma matsayi take nunawa, ba raini ba. Babban mutum ma yana iya zama subaltern muddin akwai wani a samansa.

Sojojin Ingila ne suka fi yayata ta. A wurinsu subaltern shi ne hafsan da bai kai kyaftin ba, wato laftanan da na ƙasa da shi. Faransawa kuwa sun saka har da kyaftin cikin rukunin ƙananan hafsoshi. Ke nan Kyaftin Cazemajou, wanda aka kashe a nan Zinder a 1898 zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, subalterne ne a lissafin ƴan'uwansa, amma a lissafin Ingila ya wuce nan. Masu ilimin manɗiƙi ma suna da tasu ma'anar: hukuncin "wasu" yana ƙarƙashin hukuncin "duka". In an ce duk raƙuma suna da tozo, ai dole wasu raƙuma suna da tozo. Wannan ba zai dame ki a ajin tarihi ba.

Ma'anar da ke cikin maƙalarki ta zo ne daga baya. Wani ɗan Italiya, Antonio Gramsci, wanda gwamnatin Mussolini ta kama a 1926, ya yi rubuce-rubuce a kurkuku kafin rasuwarsa a 1937. A ciki ya kira manoma da leburori da sauran waɗanda ba su da bakin magana a mulki da wannan suna. Daga 1982 wasu masana tarihin Indiya, ƙarƙashin jagorancin Ranajit Guha, suka ɗauki kalmar suka mai da ita tutar aikinsu. Kukansu shi ne an rubuta tarihin ƙasarsu daga bakin Turawan mulki da manyan gari, manomi kuwa ba ya bayyana a takarda sai ranar da ya yi bore ko ya kasa biyan haraji.

Ki duba gida za ki gane abin da suke nufi. Kowa a Damagaram ya san Sarki Tanimu da ganuwar Birni da igwoginsa. To, su wa suka kwaɓa ƙasar ginin? Su wa suka yi ta jigilar ruwa a garin da ruwa bai taɓa zama abu mai sauƙi ba? Maroƙan fada sun riƙe sunayen sarakuna, Nasara sun cika takardunsu da rahoton kumandan, har suka ɗauke babban birnin mulki daga nan zuwa Yamai a 1926. Maginan ganuwa ba su shiga ko ɗaya ba.

Batun fassara kuwa, ni ban yarda a ce "talaka" kawai a wuce ba, ko da yake nan ne baki ya fi saurin zuwa. Talaka a Hausar sarauta shi ne wanda ba shi da sarauta, kuma attajirin Zango mai ayarin raƙuma zuwa Tarabulus yana cikinsu, alhali maganarsa tana kaiwa fada. "Bawa" ma ba ta zauna daidai ba. Bayin sarki sun riƙe manyan muƙamai a Damagaram, kuma da Faransawa suka tuɓe sarki a 1906, Ballama, bawan fada, suka ba riƙon gari. Da wuya a saka irinsa cikin marasa baki.

Saboda haka ki bi abin da ake magana a kai. In barikin soja ne, ki ce ƙaramin hafsa. In ofis ne, ki ce na ƙasa ko ƙaramin ma'aikaci. In maƙalarki ce, gara ki tsawaita ki ce "na ƙasa waɗanda ba a rubuta maganarsu ba". Ranar da za ki karanta kalmar a gaban malaminku, ƴan Ingila suna ƙarfafa gaɓar farko, Amurkawa kuma ta biyu, duk wanda kika bi ba laifi.