Kalmar nan mai farawa da N: asalinta da nauyinta

Tambaya: Malam, na kalli fim ɗin tarihi mai suna The N-Word, wanda aka yi a Amurka a 2004, kan kalmar da ake zagin baƙaƙen fata da ita. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne su baƙaƙen da kansu suna kiran juna da ita a waƙoƙi, har samarinmu sun ɗauka. Mene ne asalinta? Kuma da gaske ne daga ita aka samo sunan Nijar da Najeriya? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, na san fim ɗin. Todd Williams ne ya shirya shi, ya zauna da fitattun baƙaƙen Amurka irin su Whoopi Goldberg da Chris Rock da Ice Cube, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Kalmar kanta ba zan rubuta ta ba, kowa ya san wadda ake nufi.

Tushenta Latin ne, inda "niger" ke nufin baƙi, launi kawai, kamar a ce baƙin yadi. Daga nan Sifaniyawa da mutanen Fotugal suka sami "negro", Turawan Ingila kuma suka ara daga bakin fataken bayi. A 1619, da aka sauke 'yan Afirka kimanin 20 a Bajiniya ta Amurka, bayanin da John Rolfe, wani Baturen Ingila mazaunin wurin, ya bari ya kira su "negars". Kasuwar bayi ce ta raine ta, shi ya sa ma'anarta ta tashi daga launi ta koma "wanda ake saye a sayar". Zuwa 1837, wani baƙar fata malamin coci, Hosea Easton, ya rubuta cewa da gangan ake furta ta don a dasa raini. An haramta bauta a Amurka a 1865, amma kalmar ta zauna daram a zamanin dokokin wariya, kuma sau da yawa ita ce ihun taron da ke rataye baƙar fata ba tare da shari'a ba. Wannan kayan ne take ɗauke da shi har gobe.

Sakaya ta da harafin farko ya bazu ne a 1995, lokacin shari'ar O. J. Simpson, baƙar fata tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka da aka tuhuma da kisan kai, da aka fito da faifan muryar ɗan sanda Mark Fuhrman yana ta maimaita ta, 'yan jarida suka nemi yadda za su ba da labari ba tare da sun furta ba.

To, me ya sa jikokin bayin ke faɗa wa juna? Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. Abin da Bafulatani zai gaya wa Babarbare, ko Bagobiri ya gaya wa Bayarabe, a yi dariya a tafa, in bare ya faɗa sai an shiga tsakani. Taubasantaka ce ke ba da lasisi, ba lafazin ba. Haka wasu baƙaƙen Amurka ke cewa sun karɓe makamin daga hannun maƙiyi, sun sassauta ƙarshen kalmar, sun mai da ita "ɗan'uwana". Amma ko a cikinsu da yawa ba su yarda ba. Richard Pryor, ɗan barkwancin da ya yi suna da ita, ya je Kenya a 1979, ya dawo ya shelanta cewa ya bar ta. A 2007 ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen Amurka ta yi wa kalmar jana'iza a birnin Ditiroit, da akwatin gawa da komai.

Ra'ayina a fili yake: yaron Kano ko Maraɗi da ke kiran abokinsa da ita ya shiga wasan da ba gidansu aka gada ba. Bai sha dukan ba, bai san makokin ba, kiɗan kawai ya ji. Magana zarar bunu ce, kuma ranar da ya furta ta gaban dattijon da aka tofa wa ita a Misisifi, "ai a waƙa na ji" ba za ta fisshe shi ba.

Abin ya fi damuna ta wani gefen. Mu da ke jin zafi in an ce mana "aboki" da gatsine a Legas, alhali kalmar zumunci ce tamu aka juya, mu ne ke ce wa Ibo "nyamiri" hankali kwance. An fi danganta ta da "nye m mmiri" na harshensu, wato "ba ni ruwa". Ka ga an mayar da roƙon mai ƙishirwa sunan al'umma guda, kuma da yawansu ba sa jin ta sai sun tuna kashe-kashen 1966. Sunansu Ibo, haka ya kamata mu kira su.

Batun Nijar da Najeriya kuwa, daga kogin Neja aka samo su, wanda muke kira Kwara. 'Yar jaridar Birtaniya Flora Shaw ce ta ba da shawarar sunan Najeriya a 1897. Masana da dama na ganin sunan kogin daga harshen Buzaye ya fito, daga lafazin da ke nufin "kogin koguna", sai Turawa suka daidaita shi da kalmar Latin da kunnensu ya saba da ita. Ba daga zagin aka ciro shi ba.