Kogon ado a lambu yana zubar da duwatsu: a shafe shi da siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aikin lambu a wani tsohon gida kusa da Fulorans a Italiya. Akwai kogon da aka gina don ado, bangonsa kullum a jiƙe, kwanan nan kuma duwatsun rufinsa sun fara faɗowa. Wani magini ya ce a shafe shi da siminti da fenti mai hana ruwa. Ina tsoron kada ya rufta wa mutum.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya. Tun yau a tare ƙofar, kada kowa ya shiga. Dutsen da ya faɗo kuma a ɗauki hotonsa a inda yake kafin a adana shi.

Shi kuwa maginin nan, kada a bari ya taɓa bangon. Da danshi aka tsara irin wannan gini tun farko. Leƙa lambun Boboli da ke Fulorans ka ga babban kogon da mai tsara gine-gine Bernardo Buontalenti ya gina tsakanin 1583 da 1593. An lulluɓe bangon da duwatsu masu huji-huji, waɗanda Italiyawa ke kira spugne, wato soso, aka shigar da bututu don ruwa ya riƙa tsattsafowa, wuri ya yi sanyi lokacin zafi. Da kwaɓin farar ƙasa da yashi ake manna irin waɗannan duwatsu, kwaɓin da ke shan ruwa kuma ya fitar da shi.

Siminti ba ya barin ruwa ya fita. Sai ruwan ya maƙale a baya, gishirin simintin ya riƙa cin dutse, ƙusoshin ƙarfen da ke riƙe da rufi su yi tsatsa, su kumbura, su tsaga abin da suke riƙe da shi. Abin da yau ke faɗowa ɗaya-ɗaya, wata rana gaba ɗaya zai ɓallo. Wallahi na gaji da ganin wannan ɓarna. Haka ake yi wa gine-ginen ƙasa a Kano da Zariya: bangon da ya saba da makuba a yaɓe shi da siminti, waje sumul, ciki kuwa ya jiƙe ya ruɓe. Ka tambayi magini dalili, ya ce maka siminti ya fi ƙarfi. To ai ƙarfin nasa ne ke karya dutsen, tunda ya fi shi tauri.

A duba saman kogon tukuna, ko saiwar bishiya ta huda shi, ko magudanar ruwa ta toshe. Idan gidan yana cikin rajistar kayan tarihi, dokar Italiya ta hana gyara sai da izinin Soprintendenza, hukumar kula da kayan tarihi. Takardu kan ɗauki lokaci, don haka mai gida ya rubuta musu makon nan, ya faɗa ƙarara cewa rufi na faɗowa, ya haɗa da hotunan.